Kallonki Na Ƙarshe Bai Zo Kaina Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, bakwai ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran kakata, mahaifiyar babanmu, bayan gajeruwar jinyar zazzaɓi.

Kaka, ni ne dai, angonki na fari, mai ɓoye miki tabarau a takalmi ki wuni kina tsine wa ɓera. Addu'a na zo yi miki, amma sai na fara kai ƙara.

Kowa ya san ki da duba bakin jarirai. Uwa ta shigo a gigice, yaro ya ƙi nono, sai ki wanke hannu da sabulu, ki naɗa ƙyalle mai tsabta a yatsa, ki juya shi wajen hasken taga. In farin kan harshen ya goge, ki ce, "Nono ne, je ki kwantar da hankalinki." In ya ƙi goguwa, ko jiki ya yi zafi, ba kya jan magana: "Asibiti, yau ba gobe ba." Ɗan bororon da tsotso ke tayarwa a leɓe kuwa, kin hana a fasa da allura, kin hana a goga gishiri.

Duk wannan bai dame ni ba, 'ya'yan mutane ne, su zo su tafi. Sai da yayata ta haifo wancan marar haƙorin, gefen gadonki da nake zama ya koma nasa. Ranar da ƙurji ya fito min a leɓe har murna na yi, na ce yau ni ma za a duba ni. Ko zama ba ki bari na yi ba.

"Fita, ja'iri! Kar ka kuskura ka sumbaci angona da wannan bakin. Kai ƙaiƙayi zai yi maka, shi kwantar da shi zai yi."

Na ce, "To ni wa zai duba ni?"

Kika ce, "Madubi."

Da ƙurajen baki suka kama jaririn, ke kika matsa aka kai shi asibiti, ke kike tuna wa uwarsa lokacin magani, har ciwo ya kayar da ke. Ran Talatar kika ce a kira ni. Na zo da gudu, na ɗauka yau za a faɗi wane ne ango na gaskiya. Leɓenki duk zazzaɓi ya fesa shi. Kika ce, "Ɗauko shi, ka tsaya a bakin ƙofa, kar ka matso da shi. Buɗe min bakinsa."

Na buɗe. Kika daɗe kina kallo.

"Ya warke. Alhamdulillahi."

Na tsaya jiran tawa kalmar, Kaka, ko da zagi ne. Kika lumshe ido.

Har yau kishinsa nake yi. Yana can yana sharar barcinsa, kafin ya yi haƙori ya manta da ke. Ni da kika kora ne na kasa wuce ƙofar ɗakinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kukan kowane jariri da kika share ya zama miki nauyi a mizani. Babanmu, gwaggonninmu, yayata da dukkan dangi, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya tara mu da ke a Aljanna, mu duka, har da shi. Amma Kaka, a can ni ne a kusa.