Hoton Shugaba A Murhun Iya

Ni ba ɗan boko ba ne. Aji huɗu na yi a firamare na bari, na koma shagon Baba da ke ƙofar gidanmu a Abakpa, inda muke yanka gilashi muna sa wa hotuna firam. Amma tsarin mulkin ƙasar nan a bango na koye shi. Shugaban ƙasa a sama, gwamna ƙasa da shi kaɗan, ciyaman na ƙaramar hukuma can a gefe. Haka ofisoshi suke saye, haka muke rataya namu a shago don masu saye su gani.

Sau biyu ina ƙarami rediyo ta tashi da badujalar sojoji maimakon labarai, kuma sau biyun na ga Baba ya taka benci ya sauke hoton sama, ya zare ƙusoshin baya, ya cire takardar, ya goge gilashin ya ajiye wa mai zuwa. Abin da ban lura da shi ba shi ne kwana nawa yake bari kafin ya taka bencin.

Iya ita ce mahaifiyar Baba, Bakatsiniya ce, 'yar ƙaramar tsohuwa mai murya kamar ta namiji. Kullum bayan magariba tana bakin murhu a tsakar gida, ni da ƙanwata Ladi muna gefenta, hayaƙi yana sa mu hawaye amma ba mai tashi. Ba ta kiran sunana. "Maigidana," take cewa, "raggon miji, ko goro ba ya kawo mani." Sai ta tura ice cikin wuta, ta fara tatsuniya. Duk daɗin da na sani a yarinta a bakin murhun nan yake.

Shekarar da nake da sha uku, a goman ƙarshe na azumi, Baba ya shiga ittikafi a masallaci ya bar mini shago. Wata safiya telan da ke kusa da mu ya ƙure rediyonsa, mutane suka taru. Turanci ake yi, shi yake fassara mana. Wasu sojoji sun ƙwace mulki. Ba nan suka tsaya ba, wai sun cire jihohi biyar na Arewa daga ƙasar, har da Katsina.

Na ruga na gaya wa Iya.

"Mi? An cire Katsina? Da wuƙa ko da almakashi?"

Ta yi dariya. Amma da na leƙa ɗakinta daga baya, na tarar ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali.

Na koma shago ina jin ni ne babba. Na taka benci, na sauke hoton, na zare ƙusoshi kamar yadda na ga Baba yana yi. Takardar ta manne da gilashi, da na ja sai ta yage ta tsakiyar fuska. Na ce tunda mai hoton ya tafi, mene ne amfaninsa? Na ƙarasa yaga shi gida huɗu, a bakin ƙofa, da rana tsaka. Ina ɗaga kai na ga Saje Audu, sojan da yake haya a gidan da ke kallon namu, tsaye da singileti yana dubana. Ya juya ya shige.

Kafin la'asar rediyo ta canza baki. Juyin mulkin bai yi nasara ba. Shugaba yana nan daram, ana kama duk mai hannu da duk wanda ya yi murna.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mun sha jin yadda ake ɗaure masu irin wannan laifi a turke a harbe. Na ɗauko wani hoton daga cikin na sayarwa na rataya, na cusa yagaggen cikin ƙiraren Iya. Amma wannan bai goge abin da Saje ya gani ba. Sunan Baba ne a allon shago. Na san ba ni za su kama ba, Baba ne, har cikin masallaci za su shiga su fito da shi.

Aka sha ruwa, ko kunu ban taɓa ba. Duk motar da ta rage gudu a titi sai in waiga ƙofar zaure. Iya ta zauna bakin murhu, ta jawo ƙirare, hannunta ya ɗan tsaya. Ba ta kalle ni ba.

"Ga wata nan tafe," ta buɗe tatsuniya, "wa zai tarbe ta?"

Ladi kaɗai ta amsa.

Wai an yi wani babban gida na namun daji. Kowa da ɗakinsa, kowa da tukunyarsa, amma rumbu ɗaya ne, ganga ɗaya ce, kuma duk wanda gangar take hannunsa shi ne mai rabon hatsi. Zaki ne yake riƙe da ita, ya ba kowane ɗaki hularsa ɗaya a rataya don a tuna da shi. Wata asuba aka ji gangar tana wani kiɗa daban. Kunkuru ya mayar da kansa cikin ƙoƙonsa. Kurege kuwa, sarkin gaggawa, ya fizge hular zaki ya jefa a rijiya, yana tsalle kowa yana gani. Ashe kura ce ta sace gangar zaki yana barci. Hantsi bai gama ba ya farka ya karɓe abinsa, ya fara bi ɗaki-ɗaki yana tambaya, ina hulata?

Tana faɗa tana tura abu cikin wuta. Na ga rabin ido da hular soja suna naɗewa suna baƙi. Ɗaya, biyu, uku.

"Iya, to kuregen fa?" in ji Ladi. "Cinye shi aka yi?"

"Kurege yana da kaka," Iya ta ce, ta tura na huɗun.

A daidai nan aka buga ƙofar zaure.

"Salamu alaikum. Yaron shagon nan yana ciki?"

Muryar Saje ce. Iya ta tashi, ta gyara mayafi, ta kama hannuna. Nata ya fi nawa sanyi. Muka fita tare, ta tsaya gabana, ita da ko kafaɗar mutumin ba ta kai ba.

"Ɗana, lafiya? Ubansa yana ɗakin Allah. In magana ce, ga ni."

Yana sanye da kaki, shi kaɗai, da wani abu a naɗe cikin tawul. Ya waiga hagu da dama, ya shigo zaure, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya buɗe tawul ɗin. Hoton shugaban ƙasa ne, gilashin ya tarwatse.

"Mama, na ɗakina ne. Da safe na sauke shi na tura ƙarƙashin gado, yara suka taka. Ana cewa gobe za a bi gidajenmu ana dubawa." Ya dube ni. Gumi yana bin wuyansa. "Za ka iya yanka gilashi yanzu?"

Na kunna fitila a shago. Gilashi biyu na fasa kafin na uku ya fita daidai. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa.

"Yau da rana ban fito waje ba," ya ce. "Kai ma ban zo wurinka ba."

Muka koma bakin murhu. Ladi ta ce a ƙarasa mata tatsuniya, Iya ta ce ta manta ƙarshen. Har ta rasu ba ta gaya wa Baba ba, ba ta kuma ƙarasa ba. Ƙullin zannuwanta sai bayan salla ta kwance shi.

Na daɗe ina zaton darasin shi ne kada mutum ya yi gaggawa, ya zama kunkuru. Yanzu da furfura ta fito mini, ba kurege nake tunawa ba. Saje nake tunawa, mutum da kaki da igiya uku a hannu, yana durƙushe gaban tsohuwa saboda takarda. Ashe duk ɗakunan gidan tsoro ɗaya ake kwana da shi, har ɗakin masu gadin gangar.

Ina nan a shagon. Yanzu da ƙuri'a ake canza hoto, ana sanar da ranar tun da wuri, kuma na gode wa Allah da hakan. Amma ko 'yan makaranta ne suka wuce da badujala suna fareti, sai na ji hannun Iya mai sanyi a cikin nawa. Hoton aure da na Makka ina buga musu ƙusar bayan firam har ta nutse. Na shugabanni kuwa rabi nake bugawa, in lanƙwasa kan.