Alu Tela da Kunkuransa

Alu tela ne, mutumin Tibiri. Ya zo Yamai shekarar da aka sami 'yancin kai, da keken ɗinkinsa a bayan kamyo, babbar motar kaya. Ya sami rumfa a gefen Babbar Kasuwa, ya kama ɗaki a Gamkalley. Aiki ya karɓe shi, don a lokacin kowane sabon ma'aikaci na son kwat da wando. Yana shirin aika wa matarsa Zinariya ta taho sai tari ya kama shi. A likita aka ce tarin fuka ne. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, iyayen Zinariya kuma suka hana ta zuwa. Ya kwashe kekensa ya koma ɗaki.

Mutum ɗaya ne bai guje shi ba, Sumana, Bazabarme mai garkar salati a bakin gulbi. In ya taso daga garka yakan tsaya a bakin ƙofa, ya ajiye masa tumatir ko albasa.

Wata rana Alu ya ce masa, "Malam Sumana, ɗakin nan ya yi mini shiru. Ina son wani abu mai rai da zan riƙa ciyarwa, ya haihu a gabana."

"In kawo maka kaji?"

"Ina na ga hatsin ba su?"

Sumana ya fara da hawainiya. Alu ya so ta ƙwarai, yakan wuni yana kallon tafiyarta a kan reshe. Amma ba ta cin komai sai ƙwaro mai rai, shi kuwa ba shi da numfashin bin fara. Ta yi baƙi a cikin kwando ta mutu. Aka kawo ɗan damo, ya ƙi abinci, ya haƙa ƙarƙashin katanga ya gudu. Kwaɗi kuwa Alu da kansa ya ƙi su, ya ce tarinsa ma ya ishi mutanen gida.

Daga baya Sumana ya samo kunkuru biyu wajen wani makiyayi, ya kife su ya nuna wa Alu: mai kwarmin ciki namiji, mai shimfiɗaɗɗen ciki mace. Ba su kuka, ba su cizo, ganyen salatin da Sumana ke zubarwa ya ishe su.

"Waɗannan zan iya," in ji Alu.

Ya kewaye musu wuri a gindin katanga da ɓaraguzan tubali. Da rani macen ta haƙa rami ta yi ƙwai ta rufe. Gafiya ta tone su ta shanye. Alu ya tsince ɓawon ɗaya bayan ɗaya. Da ta sake yi a shekara ta gaba, sai ya kife tsohuwar tasa mai huji a kan wurin, ya danne da dutse, ya dawo da tabarmarsa kusa.

A lokacin ya fara tofar da jini. Sumana ya ce, "Aboki, akwai direba ɗan garinku, ya yarda ya ɗauke ka. Ka koma wajen danginka."

"Bari su fito tukuna. Da ruwan fari za su fito."

Bai kai ruwan fari ba. Sumana ne ya same shi da hantsi, jingine da katanga, macen kunkurun na cin ganye kusa da ƙafarsa. Kafin a dawo daga maƙabarta mai gida ya ƙone tabarmar, ya ba wani mai maganin gargajiya manyan kunkuran biyu. Ɗakin ya koma hannun wata mai sayar da tuwo, Habsatu. Ba wanda ya gaya mata abin da ke ƙarƙashin tasar, sai ta ɗauke ta tana zuba toka.

Bayan ruwan fari Sumana na wucewa ya ga hankaki sun taru a kan katangar. Ya shiga ya kore su. Ƙasar gindin katanga ta buɗe, ga 'yan ƙananan ƙoƙunan 'ya'yan kunkuru a warwatse, an fafe cikinsu. Ɗaya ne kaɗai ke motsi, shi ma an cire masa ido guda.

Ya sa shi a aljihu ya kai garka, ya riƙa yanka masa ganye ƙanana. Ɗan kunkurun bai taɓa ci sosai ba. Kafin gero ya nuna ya mutu. Sumana ya rufe shi a gindin lemo, ya ɗauki gwangwaninsa ya sauka gulbi ɗiban ruwa.