Gorin Da Na Yi Wa Badamagare

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni ɗalibi ne a wata kwaleji a Dubai, tun kafin jirgin metro ya fara aiki. Bakano ne ni mai bakin tsiya, ina cikin ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar, kodayake na fi ɗumama benci. Wanda muka dogara da shi shi ne kyaftin ɗinmu, wani dogon Badamagare da ke zaune da yayansa a unguwar Al Qusais. Mu biyu ne kaɗai Hausawa, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Kullum sai na ce masa tsawo kawai Allah ya ba shi, shi kuma ya ce ni bawansa ne. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a makaranta, ga shi an ce wakilan manyan kulob za su zo kallon gasar kwalejoji don ɗaukar 'yan wasa. Ba shi da wani buri da ya wuce wannan.

Ana gab da gasar sai ƙarambau ya kama ni. Aka killace ni a ɗakina na dakunan kwanan ɗalibai, aka kuma karanta wa 'yan wasa doka: duk wanda ya kusanci mai cutar, alhali bai taɓa yin ta ba kuma ba shi da rigakafi, sai ya yi makonni a gida, ba atisaye ba gasa. Ga ƙaiƙayi, ga zazzaɓi, ga kaɗaici a ƙasar mutane. A gida da tuni ɗaki ya cika da 'yan dubiya. Da ya kira ni a waya sai na fara yi masa gori, na ce ashe Damagarawa ba su san zumunci a ƙafa yake ba, ƙuraje ma tsoro suke ba su. Ya yi dariya ya kashe wayar. Bayan la'asar sai ga shi da kwanon farfesu. Ya zauna a bakin gadona, ya shafa mini magani a bayana inda hannuna ba ya kai, yana ta tsokanata. Wallahi ban taɓa jin daɗin ganin mutum kamar ranar ba.

Sai da zai tafi hankalina ya dawo. Na tambaye shi ko ya taɓa yin ƙarambau, ya ce a'a. Na roƙe shi ya yi shiru tunda ba wanda ya gan shi. Ya ce zuwan da ya yi tsakanina da shi ne, amma ya shiga fili yana gogayya da 'ya'yan mutane, wannan kuma haƙƙinsu ne, ga matar kocinmu da tsohon ciki. Washegari ya kira koci da kansa ya faɗa masa. Aka cire sunansa. Ba tare da shi ba, a wasa na biyu aka kore mu daga gasar, wakilan kulob suka ɗauki wasu suka tafi.

Na yi ta jin haushinsa, ina ganin ya yi asarar banza. A makon da ake wasan ƙarshe sai ƙuraje suka feso masa. Da ya bi shawarata, da ban san gida nawa zai kai wa cutar ba. Ni kaɗai aka yarda in je wurinsa tunda na riga na warke, na ɗauki kwanon nan nasa na cika shi da farfesu. Na fara ba shi haƙuri, ya ce halas, wato magana ta ƙare, ƙafarsa ce ta kai shi, in bar surutu in shafa masa magani tunda aikin bawa ne. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba.

'Yan'uwa, idan likita ya ce a killace ku, ku haƙura da dubiya, kada ku yi wa kowa gori. Mai ƙaunarka shi ne zai ji gorin ya taso. Yanzu Badamagaren nan yana aiki a wani sito a unguwar Al Quoz, idan na ga yana ɗora kwali a saman kanta da hannu ɗaya kamar yadda yake zura ƙwallo a kwando, sai in kau da kai.