Tumakin Baffa a Rumfar Shanunmu

Bayan girbi Baffa, yayan mahaifina, ya kwaso tumakinsa shida daga Kudan ya kawo mana Malikanchi, wai gidansa ya yi musu kaɗan. Bai tambayi kowa ba. Shi dama bai iya tambaya ba, umarni ya iya. Aka ɗaure su a rumfar da bijiman huɗarmu biyu, ja da fari, suke kwana.

Tumakin suka hayayyafa, suka yi ɓul-ɓul da harawarmu. Ana gab da faɗuwar damina jan bijimin ya daina kiwo, idanunsa suka yi fari, majina na zuba kamar koko. Kwana biyar ya mutu.

Na ɗauko likitan dabbobi daga Makarfi a babur. Yana leƙa rumfar ya girgiza kai. Ya ce ƙwayar cutar a jikin tumaki take, tun kaka da kakanni suke zaune da ita, har garkuwar jikinsu ta saba, 'ya'yansu kuma suna gadon wannan sabo. Shanu ba su gaji haka ba. In ta shige su, garkuwarsu rikicewa take yi ta afka wa jikinsu. Babu magani, a raba tumakin da farin bijimin yau.

Da aka gaya wa Baffa sai ga shi, ya buɗe bakin wata tunkiya a gabana.

"Duba nan, ɗan boko. Wacce ce ke tari? Yaushe lafiyayye ya fara raba cuta?"

Na tsani mutumin nan a ranar, har yanzu kuma ban huce ba. Yana juya baya na loda tumakin a a-kori-kura, na zube masa su a ƙofar gida, maƙwabtansa na kallo.

Na dawo ina jiran a sa mini albarka. Mahaifina ya ce na kunyata shi. Ya je Kudan da kansa ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya dawo da tumakin, ya ɗaure su da hannunsa kusa da farin bijimin.

"Yayana ne," in ji shi. "Ba zan kore masa dabba ba."

Ranar da idon farin bijimin ya fara hawaye, ruwa ya riga ya sauka, kowa na huɗa. Mahaifina ya daɗe a tsaye a rumfar. Sannan ya kwance bijimin, ya miƙo mini wuƙa, bai dube ni ba.