Garin da Ba a Ɗebo Wuta

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin akawu, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka aike ni Ɗantutture hannu rabbana. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, ina ƙaramin akawu a ofishin ilmi a Dutsin-Ma, keke ne ƙafata.

Ku yaran yanzu, bari in bayyana muku tsarin. Idan gwamnati ta tura mai digiri ƙarin karatu ƙasar waje, takan ba shi alawus na abinci da haya. Yana da damar ya ce a yanki wani abu a riƙa kai wa iyayensa, shi muke kira kason gida. Malam Garba, wanda aka tura Ingila karatun cututtukan shanu, ya yanka wa mahaifiyarsa, Gwaggo Hajo, kaso mai tsoka. Ni ke kai mata ƙauyensu, Ɗantutture, duk wata.

A ganin tsohuwar nan gwamnati gida ɗaya ce mai zaure ɗaya. Tunda gwamnati ta tafi da ɗanta, ni kuma daga gwamnati nake, ai tare muke kwana. Kafin in jingine keke za ta ce, "Ƙaƙa ka baro shi?" Na yi bayani har bakina ya gaji cewa ko Kaduna ban taɓa wucewa ba. Ta ce, "To, ka dai gaishe shi." Daga nan na sallama, na riƙa cewa lafiya lau, ita kuma ta dama mini fura da kindirmo. Ni da uwata ta rasu tun ina goye, wallahi nakan ƙosa wata ya ƙare.

Rannan babban akawu, Malam Isa, ya kira ni. Mai kula da ɗalibanmu a can ya aiko cewa kaya sun yi tsada, haya ta tashi, Garba ya rame, yana kwana cikin sanyi yana tari. An amince da ƙarin alawus, amma sai sabuwar shekarar kuɗi ta gwamnati, sanyi kuwa ba ya jira. In ya kwanta ya faɗi jarrabawa, gida za a dawo da shi. An ce ya janye kason gida, ya ƙi.

"Doka ta ce shi ko mahaifiyarsa kaɗai ke iya sokewa. Je ka lallashe ta," in ji Malam Isa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da wane bakin?"

"Da wanda kake shan furarta."

Na same ta tana ɗaure awaki. Ta yi tambayar da ta saba. Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, ya rame. Sanyi ke damunsa."

"Mi ya hana shi hura wuta?"

Na gaya mata abin da na ji: a can wutar ɗaki a cikin akwati take, sai ka jefa kuɗi ta kama, in sun ƙare ta mutu.

"Wuta? Ba ya shiga maƙwabta ya ɗebo garwashi?"

"Ba a ɗebowa, Gwaggo. Saye ake yi."

Ta daɗe tana kallon murhunta. Can ta ce, "Ashe wutar ɗana nike ci duk wata." Ban kai ga roƙon da aka aiko ni ba, ita da kanta ta ce a mayar masa da abinsa, tana da awaki, tana da gero a rumbu. Ta dangwala yatsa a takardar soke kason, na ɗauki kekena raina a jagule, don na san aikina a gidan ya ƙare. Sai ta biyo ni bakin danga.

"Kai, ɗan nan. Kuɗin na ce a daina kawowa, ban ce kai ka daina zuwa ba. In ba ka zo ba, wa zan tambaya?"

Haka na ci gaba da zuwa a ranar hutuna, jaka wayam, har Garba ya ci jarrabawarsa ya dawo. Na je yi masa barka, yana zaune gefenta a kan tabarma. Ta buɗe baki za ta yi tambayar, ta dube shi, ta dube ni, muka yi dariya. Na yi murna ƙwarai, amma a hanyar komawa sai da na tsaya na share ido.

Abin da na koya ke nan: mu a ofis muna lissafin ɗalibi ɗaya, alhali duk wanda aka tura akwai mai zaman jiransa, ita kuma ba ta da layi a kasafi. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta. Na zaga ofisoshi da yawa bayan nan, an sha tambayata me na kawo. Har na yi ritaya ba wanda ya sake tambayata ƙaƙa na baro wani.