Gaisuwar da ta shanye man abokina

Shekaru masu yawa da suka wuce, lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori, ni da abokina kowa yana da akori-kura, iri ɗaya. Shi direba ne mai nauyin ƙafa. Ya fizgi mota, ya taka burki, ya sake danna totur. Ni kuwa lallaɓawa nake yi, har ya laƙaba mini suna Mai Dakon Ƙwai. Sunan yana ƙona mini rai, ina dai yaƙe ne kawai.

Ranar ɗaurin aurena a Maradun ta faɗo cikin wahalar mai. Uban yarinyar malami ne da ba ya magana biyu, kuma ya aiko cewa in aka sallame azahar wakilina bai iso ba, sai dai a bari bayan kaka. Da kyar muka samu jarka ɗaya a Mafara, muka raba daidai da abokina. Kawuna, wanda shi ne wakilin, ya dubi motata ya dubi tasa, ya shige tasa. Wai ba ya son ya iske an watse.

Suka bar ni a baya. Amma kawuna mutumin jama'a ne, ba ya wuce wanda ya sani bai tsaya ba. Duk ƙauyen da na iso sai in tarar da su a gefen hanya, ya leƙo da kai yana tambayar gida da iyali da gajiya da ruwan bana, injin kuwa yana ta ruri. In wuce su a hankali, can sai su taho a guje su wuce ni, abokina yana yi mini oda yana dariya.

Muna dab da Maradun na hango motarsa tsaye, wannan karon shiru. Kawuna yana tsakiyar titi yana ɗaga babbar riga.

Na tsaya, na kashe mota, na fito na durƙusa. Na fara tambayarsa gida da iyali, a tsanake.

"Kai, bar gaisuwag ga," in ji shi. "Mu tahi, rana ta yi."

Abokina ya hau bayan motata cikin goron ɗaurin aure, yana rantsuwa tankinsa ya huje. Babu inda ya huje. Mun isa ana alwala, aka ɗaura, har da ragowar man da ya kai ni Bakura washegari. Daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa.

Tun daga nan na tabbata mota ba tsawon hanya kaɗai take sha ba, har da halin mai tuƙa ta. Jikokinmu yanzu suna yi mini dariya, don ko a ƙofar gida wani ya ce mini ina kwana, sai na kashe mota kafin in amsa.