Kwalbar Ruwan da Inna Ta Yi wa Gadi

Shekarun baya, ɗiyata ta fari tana wata bakwai, tari ya kama ta tsakiyar damina. Na ɗauka mura ce, na yi ta shafa mata man zafi. Rana ta uku da hantsi na ɗaga rigarta, na ga ƙirjinta yana lotsawa ciki duk in ta ja numfashi, ga shi ta ƙi kama nono. Mijina yana Tsafe wajen sayen hatsi, don haka na goya ta na tare ɗan kabu-kabu sai asibiti, nan Gusau.

Likita ya ce limoniya ce, ta kama huhu sosai. Aka shiga da mu ɗakin yaran da jikinsu ya yi tsanani. Aka sa mata wata 'yar roba mai baki biyu a hanci, mesa guda ta tafi wajen na'urar iska, ɗayar kuma ta nutse cikin kwalbar ruwa da ke ta ɓulɓula kamar tukunya a kan wuta.

Bayan azahar mahaifiyata ta iso daga Rawayya. Tana ganin robar ta tsaya cik.

"Wa ya ce a sa mata iska? Can wajenmu duk wanda anka sa ma wagga aba, ba ya komawa gida da ƙafarshi. Ɗauko min ita."

Har ta fara kwance zanen goyo. Ni kuwa, malamar makaranta guda mai koyar da kimiyya, ban hana ta ba. Gaskiya rabin zuciyata yana tare da ita.

Wata nas mai ɗan shekaru ce ta jawo kujera ta ce, "Inna, zauna mu yi magana. Ba na'urar ke numfashi ba, jikarki ke yi da kanta. Huhunta ne ya gaji yana rufewa, iskar nan ke riƙe mata shi a buɗe. Kin ga ba mu zura mata komai a maƙogwaro ba. Yanzu aiki zan ba ki. Ki sa ido kan kwalbar nan, in kumfar ta tsaya ki kira ni."

Inna ta dubi nas, ta dubi kwalba, ta zauna.

Ban taɓa ganin mai gadi irinta ba. Ko salla za ta yi sai ta sa ni na matso na karɓe ta, ta idar ta tambaye ni ko na yi gyangyaɗi. Washegari robar ta zame daga hancin yarinyar, ruwan ya yi tsit, Inna ta fita ba takalmi ta jawo nas. Daga nan ta zama shugabar ɗakin. Da wani Bafulatani ya so cire ɗansa ya tafi da shi, ita ta tare shi a ƙofa: "Malam, ni ma haka nic ce shekaranjiya. Zo ka ga tawa."

Tsakanin haka muna zaune kan benci guda, ina tatsar nono a kofi ana ba yarinyar ta siririn tiyo, ita kuma tana ba ni labari. A nan na fara jin cewa ta haifi namiji kafin ni, kuma irin wannan numfashin ya yi kwana biyu ya rasu a bayanta, kan hanyar zuwa asibitin Bunguɗu. Ba ta yi kuka ba, gyara wa jikarta hula kawai ta yi.

Ranarmu ta biyar a asibiti aka cire robar. Yarinya ta kama nono da ƙarfi har na ji zafi, Inna tana dariya tana cewa ta gado haɗamar ubanta.

Yau ɗiyar tana sakandare, ta fi ni tsawo. Inna kuwa Allah Ya yi mata rasuwa. Ba na fatan ciwo ya dawo gidan kowa, amma tun da aka kai ni ɗakin miji ban ƙara samun mahaifiyata ni kaɗai ba sai a waɗannan kwana biyar. A lokacin Allah-Allah nake yi a sallame mu.